Rawar lilo a sama ga kurame da masu naƙasa: shirin wuri, kaya da darasi

Tambaya: Ina koyar da rawa da motsa jiki ga matasa a wani zaure na unguwa a Yamai. Bana mun samu ƙyallen hawa biyu da zoben ƙarfe ɗaya na rawar lilo, irin wadda ake yi a rataye a sama. Cikin masu son shiga akwai kurame huɗu, ƴan mata biyu da shan inna ya taɓa wa ƙafafu, wani saurayi da ya samu rauni a laka bayan haɗarin babur, da makaho ɗaya. Zauren rufin kwano ne, tsayinsa mita 5. In karɓe su? In na karɓe su, me zan sake?

Amsa: Malama, ki karɓe su. Ba sabon abu ba ne a duniya: ƙungiyar AXIS ta Amurka tun 1987 take haɗa masu naƙasa da marasa naƙasa a rawa ɗaya, kuma a bikin buɗe gasar Paralympics, wato gasar wasannin masu naƙasa ta duniya, ta Landan a 2012 masu naƙasa da dama ne suka yi wasa a rataye, cikinsu har da David Toole wanda ba shi da ƙafafu, ɗaya daga cikin shugabannin bikin kuwa kurma ce, Jenny Sealey. Amma akwai abubuwa biyu da za ki riƙe tun daga farko. Kayan ne za su sauko wurin ɗalibi, ba ɗalibi ne za a wahalar ya kai ga kaya ba. Sannan duk maganar da za a yi a gama ta a ƙasa, domin da mutum ya bar ƙasa hannuwansa sun kama aiki, idonsa ya juya, kurma kuwa da hannu da ido yake magana.

Kafin maganar ɗalibai, rufin. Wannan ne wurin da mutane suka fi yaudarar kansu. Ƙarafunan da ke riƙe kwano an yi su ne don kwano da iska, ba don mutum mai faɗowa ba. Mai kilo 60 in ya saki jikinsa ƙyalle ya tare shi, nauyin da ke bugun wurin ratayar kan ninka na jikinsa sau uku zuwa biyar, wani lokaci ya zarce, wato kilo 300 ke nan a bugu ɗaya, kuma bugun zai maimaitu sau ɗaruruwa a wata. Ki kawo injiniyan gini ya duba ƙarfen IPN ɗin, wato ƙaton ƙarfen da ake gittawa daga bango zuwa bango, da za a rataya a kai, da inda ya zauna a bango, ya rubuta miki nauyin da ya yarda da shi. Mai walda ya iya aikinsa, amma "wallahi zai ɗauki mota" ba lissafi ba ne. In injiniya bai gamsu ba, a kafa ginshiƙai na musamman daga ƙasa a bar rufin ya huta. Reshen dogon yaro da ƙugiyar fanka kada ma su zo a magana.

A kan ƙarfen ana naɗa majanyin ɗaukar kaya na masana'antu, mai launi gwargwadon ƙarfinsa: shuni tan 1, kore tan 2, rawaya tan 3. Ki ɗauki kore, ki sa ƙyalle mai kauri ko guntun tiyo tsakaninsa da kaifin ƙarfe. Daga nan sai ƙugiya mai makulli, wadda masu sana'ar ke kira musketon, sai majuyi da ke hana ƙyalle murɗewa, sai wata ƙugiyar, sai ƙarfen da ake ɗaura ƙyalle a kai. Kowace ƙugiya a ga lambar ƙarfinta a jikinta, 22 kN ko fiye, kN ɗaya kusan kilo 100 ne. Wadda ba ta da lamba, irin ta rataya makulli da ake sayarwa a kasuwa, ko ta yi kama da ta gaske kamar an tsaga kara, a jefar. Ki lura kuma, lambar nan ta tsawon ƙugiyar ce. In ta karkace nauyi ya hau ta a kwance, ƙarfinta kan faɗi zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ake ɗaga kai a dube ta kafin kowane ɗalibi ya hau.

Abin da zai buɗe wa masu naƙasa ƙofa shi ne puli, irin na bakin rijiya. Maimakon a ɗaure ƙyalle a sama a bar shi, a ratsa igiya ta puli ta sauko zuwa wani maɗauri mai ƙarfi a bango, daidai ƙugu. Ta haka za ki sauke lilo har santimita 45 ko 50, daidai mazaunin keken guragu, ki ɗaga shi in an zauna, ki sauke mutum in ya gaji ko ya suma ba tare da tsani ba. Igiyar ta zama ta masu aikin sama, mara talewa, mai kaurin milimita 10,5 zuwa 11; igiyar guga ba ta shiga nan. Da haɗin puli mai ninki huɗu, mace ɗaya za ta ɗaga saurayi mai kilo 70 ba wahala, sai dai za ta ja mita 4 na igiya kafin ya tashi mita 1. A sa na'urar da ke cije igiya in hannu ya kuɓuce, a ƙara ƙulli na biyu a bayanta. Abu ɗaya da ya kamata injiniya ya ji daga bakinki: in igiya ta bi ta puli guda a sama ta sauko, nauyin da ke kan ƙarfen ya kusa ninki biyu, domin mutum na ja ta gefe ɗaya maɗauri na ja ta ɗayan.

Ƙyallenki biyu, ki mayar da ɗaya lilo, wato a ɗaure bakunan biyu a sama tsakiyar ta sauko kamar majanyin goyo. Shi ne kayan farko ga kowa, domin yana ɗaukar nauyin jiki ko hannu ya saki. Mai faɗin mita 2 da rabi ya fi, don ya rufe baya daga kafaɗa zuwa cinya. Kada ki ƙara da atamfa ko shadda. Saƙarsu ba ta talewa, in ta fara yagewa takan tafi gaba ɗaya, alhali ƙyallen hawa saƙar roba ce mai ɗan bayarwa. A ƙasa katifar faɗuwa mai kaurin santimita 20 zuwa 30, mita 2 a kan mita 2 aƙalla, ba tabarma ba, ba katifar kwana da ta lotse ba. Mita 2 ta kowane gefe ba bango, ba benci, ba keke. Ƙurar hunturu na shiga majuyi ta sa shi cijewa, busasshiyar iskarta kuma na sa ƙyalle santsi fiye da na damina, don haka abin da ɗaliba ta riƙe cikin sauƙi a watan Agusta yana iya zame mata a Janairu. Rana tana cin zaren roba. A wanke ƙyalle a shanya a inuwa, a ajiye a jaka. Zoben ƙarfe in ya sha ranar bazara yana ƙona tafin hannu.

To, kurame. Tambayar farko da za ki yi wa kowanensu, ko iyayensa, ita ce yadda ya kurumce. Ba shisshigi ba ne. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin sanƙarau, Yamai kanta ta ga annoba mai tsanani a 2015, kuma sanƙarau in ya ci jijiyar ji sau da yawa yakan haɗa da sashen cikin kunne da ke gaya wa jiki ina sama ina ƙasa. Irin wannan ɗalibi a ƙasa ba za ki gane ba, don ya saba dogara da ido da tafin ƙafa. Ki raba shi da ƙasa, ki juya shi, ki rage haske, sai ya rasa inda ƙasa take. Gwajin mai sauƙi ne: ya haɗa ƙafafu a kan katifa mai laushi ya rufe ido, wani na tsaye kusa da shi. In ya yi tangaɗi nan take, kin san da wa kike aiki. Ba hana shi za a yi ba. Ana barin idonsa buɗe kullum, a ba shi alama mai haske a bango da zai riƙa komawa gare ta, a jinkirta masa kife kai da juyi, kada kuma a naɗe shi ruf cikin lilo inda ba ya ganin waje. Wasu daga cikinsu jiri ba ya kama su a juyi kamar sauran, sai su zarce da gudu har su manta ba su san inda za su sauka ba. Mai na'urar ji ya cire ta kafin hawa ya sa a akwatinta, ƙyalle na fizge ta, gumi na lalata ta.

Harshen ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi makarantar kurame, irin ta Hassane Bana Bâ da ke nan Yamai, maganar hannunsa ta makaranta ce, wadda asalinta ya fito daga ta Amurka ta hanyar makarantun da Andrew Foster ya kafa a ƙasashen Afirka, ta gauraya da Faransanci. Wanda bai shiga makaranta ba yana da tasa ta gida da ta kasuwa. Tafinta mai ji zai iya fassara wa na farko sarai, na biyu ya bar shi a baya yana gyaɗa kai don kunya. Maganin shi ne babban kurma da ya san duka biyun ya zama mataimakinki, a biya shi kamar kowane malami. Ƙungiyar kurame ta ƙasa za ta nuna miki irinsu. Karanta leɓe kada ki dogara da shi, balle ga wanda kansa ke ƙasa yana ganin fuskarki a kife.

Kuskuren da kusan kowane malami mai ji yake yi shi ne ya riƙa bayani yana nunawa lokaci ɗaya. Mai ji na kallon jikinki kunnensa na ɗaukar magana. Kurma idonsa ɗaya ne ga aiki biyu, in ya kalli tafinta ya rasa motsin, in ya kalli motsin ya rasa gargaɗin. Sai a raba. A ce za ki koyar da zama cikin lilo a jingina baya har ƙafafu su bar ƙasa. Kina tsaye a ƙasa, haske na fuskarki, taga ba ta bayanki, ɗalibai sun yi rabin da'ira kowa na ganin kowa. Ki faɗa, tafinta ya gama, ki jira idanu su dawo kanki. Sannan ki hau ki nuna baki rufe, sau ɗaya daga gaba sau ɗaya daga gefe. Ki sauko ki nuna wurin haɗari shi kaɗai: ƙyalle ya zauna a ƙasan ƙugu, ba a tsakiyar baya ba, ki dafa wurin a jikinki. Ki nuna kuskuren da gangan, ki girgiza kai, ki nuna daidai. Sai ɗalibi ya maimaita miki matakan da hannunsa kafin ya taɓa ƙyalle. In ya tsallake ɗaya, a nan za ki kama, ba a sama ba. Wannan ya fi cin lokaci, amma za ki ga masu jin ma sun fi fahimta da shi.

Alamun sama kada su wuce uku, kuma kowa a zauren ya haddace su: tsaya, sauko, lafiya. Daga ƙasa zuwa sama, hanya mafi tabbas ita ce ƙyallen kansa, mai tsaro, wato wanda ke tsaye a ƙasa yana kula da mai hawa, ya buga jelarsa ko igiyar da tafin hannu, bugun na hawa har jikin ɗalibi ko yana kallon rufi. Bugu biyu tsaya, bugu a jere sauko. A ƙara da fitila ja mai caji da ake haskawa a bangon da yake fuskanta. A kunna ta ta tsaya, kada a riƙa ƙyafta ta, don walƙiyar haske na tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. Daga sama zuwa ƙasa kuwa, tunda hannu na riƙe, alamar ta zama ta kai ko ta ƙafa: girgiza kai da ƙarfi na nufin a sauke ni. A hana sakin hannu don yin magana, a maimaita hanin har ya zama ɗabi'a, domin wanda ya tashi da maganar hannu in abu ya ba shi tsoro hannunsa ne ke fara motsi. A kuma yi yarjejeniyar ɗaukewar wuta: in duhu ya rufe, wanda ke sama ya ƙanƙame ya tsaya cak har fitila ta kama. A gwada wannan da rana, da gangan. Dama da hagu na rikicewa in an kife, sai a ɗaura jan zare a wuyan hannun dama, shuɗi a hagu, malama ma ta ɗaura. Mai tsaro kada ya taɓa kurma daga baya ba zato. Ya shigo ta inda ake ganinsa.

Mutane kan ce kurma na jin kiɗa ta ƙasa. Gaskiya ne in daɓen katako ne ganga kuma babba ce, siminti bai cika kai bugun ba. Amma wanda ke rataye ai ba ya taka ƙasa. A sama ido ne ke ƙirga: makaɗi ya zauna inda ake ganin hannunsa na sauka, ko wani ya tsaya yana ƙirga da dukan hannu daga kafaɗa, riga mai duhu a bango mai haske. Wani lokaci ma ya fi kyau a juya lamarin, makaɗi ya bi mai rawa, yadda mai kalangu ke bin ƙafar wanda ya shiga fili. Sunayen motsi ki bar ɗaliban su ƙirƙiro musu alamu, a ɗauka da waya a tura musu ta WhatsApp su yi bita a gida.

Ƴan matan da shan inna ya taɓa, wataƙila su fi kowa ƙarfin hannu a ajin, kuma nan tarkon yake. Kafaɗunsu su ne ƙafafunsu. In kafaɗa ta ji ciwo ba rawa kaɗai aka rasa ba, har zuwa makewayi ya zama aiki. Ki fara da rataya ta daƙiƙa 5 zuwa 10, wani sashe na nauyi na kan lilo, kafaɗa a janye ƙasa nesa da kunne, ki ƙara a hankali cikin makonni. Darasi biyu a mako da hutun kwana biyu a tsakani ya isa. Ƙafar da ta shanye ƙashinta siriri ne, yana karyewa da abin da bai kai ya karya lafiyayya ba, saboda haka ba a rataya da gwiwarta, ba a naɗa ƙullin ƙafa a idon sawunta. In tana reto ba iko, a haɗa ta da ɗaya ƙafar da majanyi mai laushi a saman gwiwa, don kada ta maƙale a ƙyalle jiki ya juya ya bar ta. Takalmin ƙarfe a cire, yana yaga ƙyalle. Hawa ba sai da ƙafa ba: a ƙulla ƙyallen hawa a yi masa mazauni, ko a ɗaga da puli, rawar ta koma ta hannu, ƙirji da juyi. Mai shan inna na jin taɓi da zafi a ƙafarta, don haka za ta gaya miki in ƙyalle ya matse.

Saurayin mai rauni a laka shi ne ba zai ji ba, kuma shi ne sai likitansa ko likitan gashin ƙashi ya rubuta yarda, ya faɗi gaɓar da raunin yake da ko an sa ƙarfe a bayan. Shigarsa lilo ga yadda take. A kawo keke gefen katifa a danne birki, a cire madafar hannu ta gefen lilo. A sauke lilo, a buɗe shi, a zura shi ta bayansa yana ɗan sunkuyawa, a jawo gefen ƙasa har ƙarƙashin cinyoyi, a miƙe duk wata tattara da tafin hannu, domin ninki ɗaya da ya kwanta a ƙarƙashin ƙashin zama ya isa ya fara gyambo. Ya riƙe gefuna biyu daidai kafaɗa. Mai igiya ya ja a hankali har nauyi ya bar keke da faɗin yatsu huɗu, a tsaya. A tambaye shi kansa, a dubi fuskarsa. Sannan a janye keke, mutum ɗaya na tallafe da gwiwoyi, a matsar da shi tsakiyar katifa. Karon farko minti biyu ya isa. A sauke, a duba fatar ƙugu, cinya da hammata a keɓe, namiji ya duba namiji. Ja da aka danna da yatsa bai yi fari ba, ko bai baje ba bayan rabin awa, alama ce ta a daina har fata ta warke.

In raunin nasa daga gaɓar ƙirji ta shida ne zuwa sama, akwai abin da dole kowa a zauren ya sani. Matsi a ƙasan raunin, ko cikar mafitsara, ko lanƙwashewar robar fitsari, na iya sa jininsa ya hau farat ɗaya. Za ki ga ciwon kai mai sara, gumi da jan fuska, toshewar hanci, gani na dushewa. A sauke shi nan take, a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar, a kwance duk abin da ya matse, a duba robar. In bai lafa ba cikin ƴan mintoci, asibiti. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ta zama a rubuce a bango. Ya yi fitsari kafin darasi, jakar fitsari a ɗaure ta a ƙafa. Jikinsa kuma ba ya gumi a ƙasan raunin yadda ya kamata, zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40 a ƙarƙashin kwano haɗari ne gare shi fiye da kowa. A bazara darasi da sassafe, da ruwan fesawa a kusa. Rataya shi da kekensa, yadda ake gani a bidiyo, ki manta da shi yanzu: keke ba a ƙera shi don rataya ba, tayoyinsa masu saurin cirewa na iya ficewa a sama.

In kin samu ɗamarar rataya nan gaba, ki tuna wanda ba ya motsa ƙafa jini na taruwa masa a ƙasa in ya daɗe a tsaye a rataye, suma na iya zuwa cikin mintoci. Wanda aka yanke wa ƙafafu kuma nauyinsa ya koma ƙirji, ɗamarar ƙugu kaɗai za ta kifar da shi baya, sai an haɗa da ta ƙirji.

Makaho aikinsa ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Ki zagaya da shi zauren, ya taka gefen katifa, ya shafa lilo da zobe, a sauke masa ƙugiya da majuyi ya ji yadda suke kullewa. Kayan zaure su zauna wuri ɗaya kullum. Ƙaramar rediyo a kusurwa ɗaya tana ba shi gabas bayan juyi, ƙulli a jelar ƙyalle na gaya masa saura nawa ya taka ƙasa. "Kai hannu can" ba magana ba ce gare shi. "Hannun dama sama da kai, kamu ɗaya" ita ce magana. Siffar da ta ƙi faɗuwa da baki, ki yi ta ko wani ɗalibi namiji ya yi, makahon ya shafa ya ji. In hawan jinin ido ne ya makantar da shi, ko an taɓa yi masa aiki a ido, ba kife kai sai likitan ido ya yarda. Haka mai hawan jini. Ki kuma tambayi kowa, har marasa naƙasa, ko akwai sikila ko farfaɗiya: mai sikila ruwa a kai a kai, ba naɗi mai matsewa, ba darasi cikin zafi, mai farfaɗiya lilo ƙasa-ƙasa, ba hawa. Kada ki haɗa makaho da kurame a sa'a ɗaya a watannin farko. Su suna son ganga mai ƙarfi da alamar ido, shi yana son shiru da murya. Kin haɗa su, ɗaya zai cutu.

Tufafi kuma. Man kaɗanya da kowane man shafawa a bar shi sai bayan darasi, yana sa hannu da ƙyalle santsi har ga wanda zai hau daga baya. Zobe, awarwaro, ƴan kunne, jigida, laya da guru duk a cire, suna maƙalewa suna yaga. Hijabi mai yalwa da allura ba sa hawa sama, ƙyalle in ya kama shi wuya yake ja. Hula mai kama kai da wuya wadda ba ta da jela ta wadatar, da riga mai dogon hannu da wando mai kama jiki da ya rufe bayan gwiwa, wanda dama shi ke kare fata daga ƙunar ƙyalle. Ajin mata daban, masu tsaronsu mata, ƙofa a rufe. Ki gayyaci iyaye su ga darasi ɗaya da idonsu, ya fi dogon lallashi. Kafin ki dafa kowa ki faɗi inda za ki dafa ki jira amsa. Masu naƙasa sun gaji da a ɗauke su kamar buhu ba a tambaye su ba. Keke da sanda ma jikin mai su ne, ba a matsar da su sai da izini. Yadda za a ɗaga mutum kuwa shi za a tambaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aji kada ya wuce mutum shida, lilo ɗaya ke aiki a lokaci ɗaya sai in kina da mai tsaro ga kowane. Awa ɗaya da kwata ta isa: minti 15 ɗumama kafaɗa, wuyan hannu da ciki, 40 a kan kaya bi da bi, sauran miƙa jiki da duba fata. Wata ukun farko ba wanda ƙugunsa zai wuce tsayin kafaɗar mai tsaro. Sau ɗaya a wata a gwada ceto da buhun yashi mai kilo 60 a cikin lilo, a ga minti nawa ake ɗauka kafin ya taɓa katifa, kuma kowane mataimaki ya iya shi ba ke kaɗai ba. Littafi ɗaya na kaya, a rubuta ranar da aka duba ƙyalle a gaban haske ana neman huji, da ranar da aka wanke.

Abin da ya fi korar ɗalibai ba ya cikin zauren. Yashin ƙofa da ke cije keke, matakala uku, makewayin tsuguno mai ƙunci, da kuɗin taksi. Gangaren shiga ya zama kowane santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo, wato dakali mai santimita 30 na son gangare mai mita 3,6. Ƙofa santimita 90, fili mai mita 1 da rabi don keke ya juya, kujera mai huji da madafa a makewayi. In za ki nemi taimakon magajin gari ko ma'aikatar al'adu a kan waɗannan, ki rubuta cewa Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, kuma sashe na 30 nata ya ambaci al'adu, nishaɗi da wasanni ƙarara. Ki tafi da wakilin tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu, takarda ta fi tafiya in masu abin na tsaye a kanta. Kuɗin zuwa da komowa ki sa shi cikin kasafi tun farko, layi ɗaya da katifa da igiya.